Tara tsofaffin garmaho da kayan gidan 'yar tsana: Abin da sabon shiga zai sani kafin ya saki kuɗinsa

A shekarar 2022, a karo na farko tun 1987, yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na faifan CD. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin buga waƙoƙi ta ƙasar, wato RIAA, sun nuna cewa an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a wannan shekara, na CD kuwa miliyan 33. Abin da aka ɗauka kaset ya binne shi tun da daɗewa, sai ga shi ya dawo kasuwa da ƙarfinsa.

Dawowar faifan ta farfaɗo da na'urorin da ke juya shi. Garmahon da ya shekara talatin ko arba'in a ƙarƙashin gado, ko a ɗakin ajiyar shirgi, yanzu yana da masu nema. Haka kuma masu haɗa na jabu sun samu kasuwa, domin yawancin masu sayen sababbin shiga ne da ba su taɓa ganin na asali yana aiki ba. A gefe guda kuma akwai wata sha'awar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan a shagunan kayan da a Turai da Amurka, wato tara ƙananan kujeru da gadaje da tukwane na gidan 'yar tsana. Dukkansu biyu ana iya fara su da kuɗi kaɗan, kuma dukkansu suna hukunta wanda ya saya bai san awo ba.

Suna ɗaya, na'ura biyu

A Hausa kalmar garmaho ta haɗa na'urori biyu da suka sha bamban ƙwarai, kuma daga nan ne ruɗanin sabon shiga yake farawa.

Na farko shi ne garmahon da ake wanawa da hannu, wanda ba ruwansa da lantarki. Asalinsa yana komawa ga Thomas Edison, wanda ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877 a kan wani abu mai siffar gwangwani, da kuma Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, wanda a 1887 ya yi rajistar fasahar faifai shimfiɗaɗɗe. A cikin irin wannan garmaho akwai sifirin na ƙarfe a naɗe, wanda idan an wana shi yake warwarewa a hankali yana juya faifan. Allurar ƙarfe tana bin layin faifan tana karkarwa, karkarwar ta isa wani siririn marfi, daga nan ta bi ta ƙaho ta fito da ƙarfi. Faifan da aka yi dominsa yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma an yi shi ne da wani irin ƙaro da ake kira shelak, wanda wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a gauraye da garin dutse. Yana da nauyi, yana da tauri, idan ya faɗi kuma fashewa yake yi kamar tangaran. Mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowane gefe.

Na biyu shi ne na lantarki, mai juya faifan roba. Kamfanin Columbia ne ya fito da dogon faifai mai juyawa sau 33 da sulusi a 1948, sannan RCA Victor ya biyo da ƙaramin faifai mai juyawa sau 45 a 1949. Layukan wannan faifai sirara ne, robar kuma tana da taushi.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne nauyin da allura ke dannawa. Kan garmahon wani yana danna faifai da nauyin da ya haura giram 100. Na'urar lantarki mai kyau kuwa giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi take dannawa. Saboda haka duk wanda ya ɗora faifan roba a kan garmahon wani, sau ɗaya tak ya isa allurar ƙarfe ta kankare layukan, kuma babu makanikin da zai dawo da su. Akasin haka ba ya yin ɓarna mai yawa, amma siririyar allurar faifan roba nutsewa take yi cikin faɗin layin faifan 78, sai a ji shuu ya fi waƙar yawa. Faifan 78 yana da tasa allurar, wadda kaurin bakinta ya kai kusan ninki huɗu.

Allurar ƙarfe ita ma tana da ƙa'idar da mutane da yawa suka manta: gefe ɗaya na faifai ake ji da ita, a cire a jefar. An yi ta da taushi ne da gangan domin ita ta cinye maimakon faifan. Idan aka maimaita ta, bakinta ya riga ya zama kamar kurfi, yana sassaƙar layin. Shi ya sa a da ake sayar da allurai ɗari ko ɗari biyu a cikin 'yan ƙananan gwangwanaye masu zane, waɗanda a yau su kansu akwai masu tara su. Har yanzu ana ƙera sababbin allurai, kuma ba su da tsada.

Kyan ɗan maciji

Hoton da ke zuwa wa kowa a rai idan an ce garmaho shi ne akwatin katako mai katon ƙahon tagulla yana sheƙi, da tambarin karen nan da ke leƙa cikin ƙaho. Karen sunansa Nipper, mai zane Francis Barraud ne ya zana shi, kuma kamfanin Gramophone na Landan ya sayi zanen a 1899, ya zama tambarin His Master's Voice, ko HMV a taƙaice. Abin takaici shi ne, mafi yawan masu wannan kama da ake gani a shagunan kayan ado a yau ba tsofaffi ba ne. Ana harhaɗa su ne, galibi a Indiya, da injin da aka ciro daga ƙananan garmaho na hannu, a sa a cikin sabon akwati, a manna tambarin kare.

Gane su ba wuya ga wanda aka nuna wa sau ɗaya. Hannun wanin yana shiga akwatin a karkace, domin injin na ƙaramin garmaho ne da aka tsara shi haka. Gwiwar da ta haɗa ƙaho da akwatin tana da kusurwa da alamar walda, alhali ta asali a lanƙwashe take sumul. Ƙahon siririn tagulla ne mai ƙyalli fiye da kima, sau da yawa da zane-zanen furanni da aka buga a jiki. A matsayin kayan ado a falo babu laifi, in dai an sayar da shi da sunan haka kuma a farashin haka. Amma bai kamata a ɗora masa faifan da ake ji da shi ba, saboda hannun allurarsa ba ya tafiya daidai.

Ga wanda ke son garmahon wani na gaske, wanda ya fi dacewa da mafari shi ne mai siffar akwatin tafiya, irin HMV 102 da aka fara ƙerawa a 1931, shekarar da kamfanin Gramophone ya haɗe da Columbia na Ingila suka zama EMI. An ci gaba da ƙera shi har ƙarshen shekarun 1950, don haka yana da yawa, kayan gyaransa suna samuwa, sautinsa kuma yana ba mutane mamaki. Abin dubawa wajen saye shi ne ko yana iya kai gefe ɗaya na faifai ƙarshe ba tare da ya sassauta ba, da ko ana jin wani dum-dum daga ciki, alamar cewa tsohon giris ya daskare a jikin sifirin. Robar da ke riƙe da marfin sauti takan bushe, sai waƙa ta riƙa zuzu, wannan kuwa gyara ne mai sauƙi. Wanda ba shi da sauƙi shi ne buɗe gidan sifirin. Ƙarfe ne mai kaifi, mai tsawon mita da yawa, a naɗe da ƙarfi, kuma idan ya kuɓuce yana iya yanka hannu ko fuska. Aikin gwani ne.

Wutar wata ƙasa

Mafi yawan sababbin shiga na lantarki za su fara saye, kuma hakan ya fi, domin faifan roba ya fi samuwa. Ana juya farantin ne ta hanya uku. Akwai mai amfani da 'yar tayar roba da ke goga gefen farantin, kamar Garrard 301 na Ingila da yawancin na'urorin BSR da Dual na da. Akwai mai bel na roba. Akwai kuma wanda injin ke juya farantin kai tsaye, wanda shahararrensa shi ne Technics SL-1200 na Japan da ya fito a 1972. Tayar roba takan taurare, bel yakan saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, amma bel ya fi saurin samun madadi. Na kai tsaye ba shi da ɗayan biyun, shi ya sa masu kiɗa a wuraren biki suka riƙe shi shekara da shekaru.

Ga mai saye a kasuwannin kayan gwanjo na Najeriya, irin su Alaba a Legas, akwai tarkon da ya fi waɗannan duka. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce mai bugu 60, ta Japan kuwa bolt 100. Wanda ya jona na'urar Amurka kai tsaye a soket ɗin gida zai ji ƙauri nan take. Wanda ya yi dabarar sa taransifoma mai rage wuta ya tsira daga ƙonewa, amma bai gama ba: yawancin tsofaffin injuna suna ɗaukar saurinsu ne daga bugun wutar, taransifoma kuwa ba ta sauya bugu. Injin da aka yi don bugu 60, idan ya samu 50, zai juya faifan 33 a kusan 28, sai muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja kamar mai jin barci. Maganinsa sai an sauya 'yar sandar da bel ke bi, idan ana samunta. Don haka abin fara karantawa a jikin na'ura shi ne ɗan allon da ke bayanta, kafin sunan kamfanin da ke gaba. Na'urorin Ingila da sauran Turai sun dace da wutar Najeriya, haka ma da yawa daga na kai tsaye, waɗanda ke daidaita saurinsu da kansu.

Wutar janareta da ke hawa da sauka ita ma tana sa irin waɗancan injuna rawar murya. Su kuma manyan akwatunan da suka haɗa rediyo da garmaho, waɗanda suka yi tashe a falukan ma'aikata a shekarun 1960 da 1970, da ƙananan na'urori masu kwan fitila a ciki, bai kamata a jona su ba sai mai gyaran rediyo ya duba. A wasu masu araha na wancan zamani, ƙarfen cikin yana haɗe da wutar gida kai tsaye, yana iya jan mutum.

Sai allura. Duk na'urar da aka saya ta hannu, a ɗauka allurarta ta cinye, a sa sabuwa. Kafin a biya kuɗi ma ya kamata a tabbatar ana samun irinta, domin na'urar da ba a ƙera allurarta ta zama kayan kallo. Haka nan sautin da ke fitowa daga kan allura ƙanƙane ne ƙwarai, yana buƙatar na'urar ƙara sauti mai ƙofar da aka rubuta wa Phono, ko wani ɗan akwati na musamman a tsakani. Mutane da dama sun mayar da lafiyayyen garmaho ga mai shi suna cewa ba ya magana, alhali ƙofar da suka jona ce ba tasa ba.

Abin da ke cikin faifan

Dalilin da ya sa wannan taka-tsantsan ya wuce batun asarar kuɗi shi ne abin da faifan ke ɗauke da shi. Tun a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsunansu, ya aiko da faifan a sayar a gida. Daga baya Decca da EMI da Philips suka kafa rassa a Legas, 'yan kasuwa na gida irin su Tabansi a Onica suka shigo, har Najeriya ta zama ɗaya daga manyan cibiyoyin buga faifai a Afirka. A kan faifan garmaho aka fara sayar da waƙoƙin Fela Kuti da Victor Olaiya da Rex Lawson, haka kuma an buga na Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos.

Da kaset ya karɓe kasuwa, sai aka yi watsi da faifan, wasu aka zubar, wasu yara suka yi wasa da su. Asalin kaset ɗin ɗakin ɗaukar sauti na waƙoƙi da yawa ma ya salwanta, ta yadda kamfanonin da ke sake fitar da tsofaffin waƙoƙin Najeriya sukan kwafo ne daga faifan da ya tsira a hannun wani. Tarin Nigeria 70 da kamfanin Strut na Landan ya fitar a 2001, da jerin Nigeria Special na Soundway, da kuma tarin waƙoƙin William Onyeabor na Inugu da Luaka Bop ya fitar a Amurka a 2013, su ne suka buɗe idon masu tarawa na ƙetare. Tun daga nan faifan da ake sayarwa a kwandon shirgi ya koma ana ciniki da dala, kuma da yawa sun bar ƙasar. Faifan Shata da ke cikin akwatin wani tsoho a Funtuwa ko Zariya yana iya kasancewa cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma tsohuwar allura guda tana iya gamawa da shi da yamma ɗaya.

Kula da faifai ba ya cin kuɗi. A tsaye ake jera shi kamar littattafai, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba. Zafi ne babban maƙiyinsa: faifan roba da aka bari a mota da rana, ko a jikin bango ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, zai lanƙwashe kamar faifan kaba da ya sha ruwa. Da hunturu busasshiyar iska tana sa robar ta riƙa jan ƙura, don haka ana share shi da burushi mai laushi kafin a ɗora. A gefe ake riƙe shi. Ana wanke faifan roba da tataccen ruwa, amma kada sinadarin sifirit ya kusanci faifan 78, domin narkar da shelak yake yi. Wanda ya samu faifai mai wuyar samu, abin da ya fi shi ne ya kwafe sautin a kwamfuta tun a jin farko.

Wajen farashi, shafin Discogs da aka kafa a 2000 yana nuna nawa aka sayar da kowane bugu a baya. Masu sayarwa suna amfani da haruffa wajen bayyana lafiyar faifai: NM shi ne kusan sabo, VG+ mai 'yan alamu kaɗan, VG mai ƙara da ake ji. Harafin G, duk da cewa a Turance mai kyau yake nufi, a wannan kasuwa faifan da ya sha jiki ne. A Legas, shagon Jazzhole da ke titin Awolowo a Ikoyi yana cikin wuraren da aka daɗe da sani da sayar da faifai.

Gida a tafin hannu

Gidan 'yar tsana, yadda masu tarawa suka san shi, bai fara a matsayin abin wasan yara ba. A ƙarni na 17 matan attajiran Holand sukan sa a ƙera musu kabad mai ɗakuna, a cika shi da ƙananan kayan azurfa da tangaran da aka yi oda daga masu sana'a na gaske. Na Petronella Oortman, wanda aka fara haɗawa wajen 1686, yana nan a gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam, kuma masana tarihi suna duba shi don sanin yadda aka tsara gidajen wancan zamani, har da ɗakin wanki da na mai jego. A Chicago akwai ɗakuna 68 na Thorne da aka haɗa tun daga shekarun 1930. Ko a ƙasar Hausa abin ba baƙo ba ne: 'yan mata sun daɗe suna jera wa 'yar tsana ɗaki da 'yan tukwanen yumɓu da ƙananan faya-fayi, kamar yadda ake yi wa amarya jere. Bambancin shi ne a nan ba a ajiyewa, ana girma ake watsarwa.

Mafi shahara a duniya shi ne gidan Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda mai tsara gine-gine Edwin Lutyens ya zana, aka gina shi daga 1921 zuwa 1924. Yana da wutar lantarki, da famfo mai zubo da ruwa, da na'urar hawa bene mai aiki, da ɗakin karatu mai ƙananan littattafai da marubuta irin su Arthur Conan Doyle suka rubuta da hannunsu. A cikinsa ne sha'awar nan biyu suka haɗu, domin kamfanin Gramophone ya ƙera masa ɗan ƙaramin garmaho mai aiki, da 'yan faya-fayan da faɗinsu bai kai inci ɗaya da rabi ba, waɗanda ke fitar da sauti na gaske.

An gina wannan gida a ma'aunin 1:12, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, kuma shi ne ma'aunin da yawancin manya masu tarawa ke bi a yau. Ƙofa mai tsawon mita biyu takan zama kimanin santimita 17. Akwai kuma 1:24, rabin wancan, wanda ya dace da mai ƙaramin ɗaki, da 1:48. Tsofaffin gidajen wasa na Lundby na Siwidin da Tri-ang na Ingila suna tsakanin 1:16 da 1:18, kayan Barbie kuwa 1:6 ne. Kuskuren mafari a nan shi ne sayen duk abin da ya ba shi sha'awa a hoto, sai kaya su iso ya tarar tukunya ta fi murhu girma, kujera kuma ba ta shiga ƙofa. A hoton intanet duk girmansu ɗaya, don haka sai a zaɓi ma'auni guda tun farko, a riƙa tambayar tsawon kowane abu da santimita.

Ba lallai ne a fara da gida sukutum ba. Masu tarawa da yawa da akwati ɗaya suke farawa, mai gilashi a gaba, su mayar da shi ɗaki guda, kicin ko shago ko falo, su cika shi a hankali. Wanda ke da hannu yana iya ƙera rabin kayan da kansa da kwali da ƙyalle da tsinken ashana da yumɓu, kuma ba abin da zai hana ɗakin ya zama na uwargida mai gadon ƙarfe da jeren kwalla, ko zauren malami da buzu da alluna, tunda ba kamfanin da ke ƙera waɗannan.

Tsofaffin kayan suna da nasu hatsarin. Da yawa daga ƙananan kwanuka da murhun da aka yi kafin shekarun 1970 na dalma ne, ko an shafa musu fenti mai dalma, kuma girmansu daidai bakin yaro. Wurinsu kabad mai makulli. Fitilun gidan 'yar tsana na zamani da bolt 12 suke aiki ta hanyar taransifoma, tsofaffin wayoyi kuwa gara a sauya su. Rana tana koɗar da takardar bango da labule, damina tana sakin gam, gara kuma ba ta bambanta katakon da ya shekara ɗari da na jiya. Masu tarawa ba sa sake fentin tsohon abu ko da ya koɗe, domin a kasuwarsu kujerar da ke da fentinta na asali ta fi wadda aka gyara daraja, wani lokaci da ninki.